Fim Ɗin da Kibiya Kaɗai Ta Gani

Duk wanda ya yi wayo a unguwarmu ta Kibiya a ƙarshen shekarun 1980 ya san Macijiya da Dodo. Kaset guda ne, baƙi, naɗe a leda. Wani mai gyaran rediyo daga Rano ke kawo shi a bayan babur, tare da bidiyo da ƙaramar talabijin da janareta, duk sa'ad da aka yi biki ko suna a gidan masu hali. A fara nuna wa mata a tsakar gida bayan isha'i, washegari a fito da kayan ƙofar gida, maza da yara su baje tabarmi. Yana da wasu kaset-kaset, amma wannan ake tambaya tun bai sauka daga babur ba.

Ga labarin yadda muka san shi. Wani ɗan boko ya ceci wani saurayi a daji, ashe maciji ne mai rikiɗa mutum. Ɗan bokon ya kawo abokansa biyar su ga abin al'ajabi, ɗaya daga cikinsu ya harbe macijin. Macijiyar ta leƙa ƙwayar idon mijinta, ta ga fuskokin mutum shida, ta fara bin su ɗaya bayan ɗaya. Sai shekara bakwai ta wuce. Ɗan boko ya tsere ƙauyensu, ya tuɓe kwat ya koma baƙauye. Macijiya ta biyo shi a siffar budurwar ƙauye, mijinta ma ya dawo duniya. Ana haka wani dodo mai gashi ya addabi garin: duk amaryar da aka ɗauko cikin jan kaya sai ta ɓace a hanya. A ƙarshe asiri ya tonu, mai garin ne da kansa, dattijon da kowa ke durƙusa wa.

Babu wanda ya taɓa jin akwai ɓaraka a wannan labari. Gwaggona, ƙanwar mahaifina, an yi bikinta da kakar shekarar da dam ɗin Bagauda ya ɓalle, wato 1988, kuma a satin bikin aka fara nuna kaset ɗin a gidanmu. Ranar da za a kai ta ɗakinta ta kafe ba za ta ɗaura jar atamfar da aka ware mata ba. Aka yi lallashi, aka yi faɗa, ƙarshe da shuɗiya ta fita. Har yau in mata suka taru a gidan ana tuna mata.

Da babbar sallar bara na je gida, na tarar da ɗan yayana yana kallon Indiya-Hausa a waya, Gwaggo tana leƙe ta bayansa. Ta ce, "Kai ɗan nan, tunda komai yana cikin abin nan, nemo mini Macijiya da Dodo." Yaro ya yi ta latse-latse har aka kira magariba. Bai samu ba. Na ce a bar mini. Da na koma Kano na biya wajen masu tura fim a waya, na zayyana wa wani matashi labarin tun daga harbi har zuwa dodo. Yaron ya san aikinsa, finafinan Indiya a kansa suke kamar ƙirgen kuɗi. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Yallaɓai, babu wannan fim ɗin."

Maganar ta tsaya mini a rai. Abin da gari guda ya kalla shekara da shekaru, abin da ya hana amarya ɗaura jar atamfa, a ce babu shi?

Duk da haka ya tura mini fim biyu, ya ce in gwada. Na farko Nagina ne, na 1986, wanda Harmesh Malhotra ya shirya, Sridevi ce macijiya, Amrish Puri kuma bokan da ke farautarta, shi ne wanda shekara guda bayan nan ya fito Mugambo a Mr. India sunan ya bi shi har ƙasar Hausa. Na kai Kibiya. Ba a yi minti ashirin ba Kawu, wan mahaifiyata, ya miƙe yana kakkaɓe riga. Ya ce, "Ina Mace ina wancan fim?" Mace shi ne laƙabin da masu zuwa silima a Kano suka sa wa Rishi Kapoor, akton Nagina. Gwaggo ta ƙara da cewa wannan macijiyar kare mijinta take yi, tamu kuwa kisa ta fito yi.

Na biyu ya fi rikita ni. Sunansa Jaani Dushman, na 2002. Biri ya yi kama da mutum: ga macizai masu rikiɗa, ga gungun abokai ana kashe su bi da bi, ga fatalwa mai neman fansa. Amma 'yan wasan su Sunny Deol ne da Akshay Kumar da Manisha Koirala, kuma shekara goma sha huɗu ke tsakaninsa da bikin Gwaggo. Fim ba ya riga haihuwarsa zuwa Kibiya. Na ajiye shi gefe, ban san zan dawo kansa ba.

Kuskurena shi ne labari nake bi. Kawu ne ya nuna mini, ba da niyya ba. Muna zaune a zaure yana ta mita, ya ce, "Ku yaran zamani sai ku ce sunan fim, sunan fim. Mu wa ya san sunan fim? Fim ɗin Birju ne. Ka nemo Birju."

A nan ya kamata in tsaya in faɗi yadda su Kawu suka kalli Indiya, don a nan bakin zaren yake. Tun 1937 aka buɗe silimar Rex a Kano, daga baya aka samu Palace da Plaza da Orion da El Dorado da sauransu, kuma 'yan kasuwar Labanan da ke riƙe da harkar su suka gano cewa fim ɗin Indiya ya fi na Amurka cika gida. Kawu yana zuwa cin rani birni a shekarun 1970, ya yi dako da rana, da dare ya shiga Plaza a Fagge. Ba ya jin Indiyanci, ba ya karanta boko, kuma ba a fassara finafinan zuwa Hausa a lokacin. Abin da yake da shi fuska ce. In ya ga fuska sau uku ya san halinta: wannan ba ya ƙarya, wannan zai ci amana, wannan zai mutu kafin a tashi. Sai a raɗa wa fuskar suna. Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi. Sanjay Dutt, da ya zo daga baya, ya zama Ɗan Daba Mai Lasin. Wasu kuma sunan da suka fito da shi a fim ɗin da ya fi shiga rai ne ke manne musu har abada. A wajen Kawu ɗan wasa ba ya tuɓe halinsa in fim ya ƙare, da shi yake shiga na gaba, kamar yadda mutum ke zuwa sabon gari da tsohon tabonsa.

To, Birju ba ɓoyayye ba ne. Shi ne ɗan nan mai taurin kai a Mother India, fim ɗin Mehboob Khan na 1957, wanda da wuya ka samu dattijon Bahaushe mai kallon Indiya da bai gan shi ba. Sunan ɗan wasan Sunil Dutt. A wajen ɗaukar fim ɗin wuta ta rutsa da Nargis, wadda ta fito a matsayin uwarsa, ya kutsa ya fito da ita, suka yi aure a 1958, suka haifi Sanjay. Wato Birju shi ne uban Ɗan Daba Mai Lasin. Da na gaya wa Kawu haka ya gyaɗa kai, ya ce ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Na ɗauki takarda na bi sauran fuskokin. Mijin macijiya, in ji Gwaggo, "mai farin takalmin nan ne mai tsalle-tsalle." Jeetendra ke nan, babu tantama, shi aka sani da fararen kaya da rawa. Dodon fa? Kawu da Gwaggo suka haɗa baki: "Takur mai dungu." Na ce wane dungu, ai mai garin da hannuwansa na gan shi. Kawu ya dube ni kamar na manta karatun allo. Ya ce, "Hannun dodo ne. Gabar ya sare masa nasa, aljani ya ba shi wasu. Ai mai bidiyo ya yi bayani."

Sai da tsigar jikina ta tashi, don na tuna bayanin. Takur mai dungu na Sholay ne, fim ɗin Ramesh Sippy na 1975, tsohon ɗan sandan da Gabbar Singh ya sare wa hannuwa biyu, yake yawo lulluɓe da mayafi. Sanjeev Kumar ya fito a wannan matsayi yana da shekara 37 kacal, ya rasu a 1985 yana da 47, bai kai tsufan da ya yi ta kwaikwayo ba. Ashe tun muna yara mun saka Sholay cikin Macijiya da Dodo ba mu sani ba.

Yanzu ina da suna uku: Sunil Dutt, Jeetendra, Sanjeev Kumar. Na fara da biyun farko, na nemi inda suka haɗu da maciji. Nan take ya fito: Nagin, 1976, na Rajkumar Kohli. Akwai wani Nagin na 1954, mai shahararriyar busar nan ta masu wasa da maciji, amma ba shi ba ne. A na 1976 Reena Roy ce macijiya, tana 'yar shekara goma sha tara. Abokan nan biyar su ne Feroz Khan da ƙanensa Sanjay Khan, da Vinod Mehra, da Anil Dhawan wanda ya yi harbin, da Kabir Bedi, dogon nan da daga baya ya fito yana farautar James Bond a Octopussy a 1983. Rekha ce masoyiyar ɗan boko.

Daren da na kunna shi a tsakar gida ba zan manta ba. Tun daga dajin farko Gwaggo ta dafe ƙirji, ta ce, "Shi ne, wallahi shi ne." Tana faɗin abin da zai faru kafin ya faru. Aka harbe maciji, aka leƙa ido, aka fara kisa. Maƙwabta suka shigo, yara suka yi tsit. Sai can muka wuce wani wuri, na ga Gwaggo ta daina magana. Macijiya ta ci gaba da bin sauran abokan a birni. Babu ƙauye, babu amarya, babu Takur. Fim ya ƙare ba a ga ko gashin dodo ba.

Kawu ya ce, "An yanke shi. Sun cire rabi sun sa wani abu."

Na so in yarda da shi, amma na duba jerin 'yan wasan Nagin daga sama har ƙasa, babu Sanjeev Kumar. Saboda haka na sake lale, na nemi inda Sunil Dutt da Sanjeev Kumar suka haɗu da dodo. Abin da ya fito ya sa na ajiye wayar na yi shiru. Jaani Dushman. Ba na 2002 ba, wani ne na 1979 mai suna iri ɗaya. Wanda ya shirya shi: Rajkumar Kohli. 'Yan wasa: Sunil Dutt, Jeetendra, Reena Roy, Rekha, Vinod Mehra, Premnath, dukkansu daga Nagin, sai aka ƙaro Sanjeev Kumar da Shatrughan Sinha da Neetu Singh. Masu kiɗan ma su ne dai, Laxmikant da Pyarelal.

Muka kalle shi washegari, sai abin ya juye. Farkonsa baƙo ne ga kowa. Wani ango da amaryarsa ta ci amanarsa a daren biki, ruhinsa ya tashi da ƙiyayyar jan kayan amare. Wani fasinja a jirgin ƙasa da ke rikiɗa dodo, wanda ba kowa ba ne illa Amrish Puri tun bai zama Mugambo ba, tun Amurkawa ba su ɗauke shi ya fito mugun boka a Indiana Jones na 1984 ba. Kawu ya rantse bai taɓa ganin jirgin nan ba. Amma da aka nutsa cikin ƙauye, aka ɗauko amarya a akwakun nan da maza ke saɓawa a kafaɗa, muryar Mohammed Rafi ta tashi da waƙar rakiya, sai Gwaggo ta rufe fuska da gyale. Daga nan har ƙarshe babu abin da ta manta.

Ga kai a wani fim, ga gangar jiki a wani. Yaron Kano bai yi ƙarya ba, mu ma ba mu yi ba. Saura tambaya guda: wa ya ɗinke su?

Amsa mafi sauƙi ita ce tsufa, a ce shekara talatin da ɗoriya ta cakuɗa mana fim biyu masu fuskoki iri ɗaya. Ban karɓe ta ba, ga dalili. Na bi mutum takwas da suka kalla a wancan zamani, wasu a Kibiya, ɗaya a Tarai inda ta yi aure, ɗaya a Rurum, na tambayi kowa shi kaɗai. In mantuwa ce, kowa da inda tasa za ta karkata. Su kuwa duk a gaɓa ɗaya suke tsallakawa daga birni zuwa ƙauye, kuma biyar daga cikinsu sun ambaci abu guda ba tare da na tambaya ba: wurin da "ruwa ke zubowa" a talabijin, hoto ya yi rawa, launuka su tsittsinke, sannan mai bidiyo ya ɗaga murya ya ce, "Bayan shekara bakwai." Babu inda aka rubuta ko aka faɗi shekara bakwai a tsakanin finafinan nan. Daga bakin mutum ɗaya ta fito.

Samun sa bai yi wuya ba, Rano ba ta ɓatar da mai sana'a. Shagon yana nan, sai dai yanzu cajin waya da gyaranta ake yi, ɗansa ke ciki. Shi yana kan benci a inuwa, gemu fari fat.

"Baba, sannu da hutawa."

"Yauwa samari, sannu. Ɗan gidan wa?"

Na faɗa masa. Ya ambaci kakana da laƙabinsa, ya yi masa addu'a. Na ce na zo ne a kan Macijiya da Dodo. Ya daɗe yana dubana, sannan ya ce, "Sai yanzu?"

Ga abin da ya gaya mini, na haɗa da abin da na sani game da na'urar. A wancan lokaci kasuwar Ƙofar Wambai ce cibiyar kaset a Kano, daga nan ake kwafa ana rarrabawa har ƙauyuka. Ya je ya ce wa wani mai kwafa yana son fim ɗin macijiya na Birju. Zamanin tsuke bakin aljihu ne, tun 1986 darajar naira ke zubewa, sabon kaset ya yi tsada. Masu kwafa sai su ɗauki tsohon da ya daina fita, su liƙe ɗan ramin da ke hana ɗauka da salatif, su ɗora sabon fim a kai. Shi kuwa kaset na bidiyo, zare ne mai cin awa uku, kuma sabon ɗauka ba ya share tsoho sai daidai inda zaren ya wuce. In aka tsaya a tsakiya, abin da ke gaba yana nan yadda yake. Wuta ta ɗauke ana cikin kwafar Nagin, yaron shago bai duba ba, ya mayar da zare farko, ya manna takarda, aka ba mai shi. Ruwan nan da ke zubowa a talabijin shi ne bakin sabon ɗauka, inda ya ci karo da tsoho.

Na ce, "To Baba, cikin kaset ɗari, ya aka yi tsohon ya zama Jaani Dushman, mai mutane iri ɗaya? Wannan dace ya yi yawa."

Ya ce ba dace ba ne. Masu shago ba da suna suke jera kaya ba, da ɗan wasa suke jerawa, don da ɗan wasa ake zuwa tambaya. Layin Sarkin Ƙarfi daban, layin Amita daban, layin Birju daban. Wanda ya miƙa hannu ya ɗauko macijiya a layin Birju, in yana neman tsohon da zai share, hannunsa ba zai yi nisa ba. "Ni dai haka na lissafa," in ji shi. Lissafin ya zauna mini. Hanyar da Kawu ya ce in bi in nemo fim ɗin, ita ce tun farko ta haife shi.

Baba bai gwada kaset ɗin ba kafin ya ɗora a babur. A tsakar gidanmu ya fara ganinsa, yana tsaye gefen talabijin yana yi wa mata bayani kamar yadda ya saba, shi da ba ya jin Indiyanci sai abin da fuska da kiɗa suka gaya masa. Da hoto ya yi rawa ya dawo, gabansa ya faɗi. Ga Birju da kayan ƙauye. Ga macijiya tana murmushi kamar ba ta taɓa kisa ba. Ga mai farin takalmi da aka harbe ɗazu yana raye. Mata suka fara guna-guni, gidan biki ne, an biya shi. Ya ce, "Na duba na ga duk mutanena ne, babu baƙo sai Takur, shi ma na san shi. Sai na ce, bayan shekara bakwai." Na tambaye shi me ya sa bakwai. Ya ce ita ta zo bakinsa. Mutumin garin Autan Bawo, ɗaya daga Hausa Bakwai, ban yi mamaki ba.

Daga nan labari ya riƙa ɗinke kansa, don kowace fuska ta zo da guzurinta. Premnath, wanda ya fito masanin asirin macizai a Nagin, shi ne mai kula da ɗakin bauta a Jaani Dushman, sai aka ce boka ya biyo su. Rekha tana nan kusa da Birju a duka biyun. Da amare suka fara ɓacewa, maza a ƙofar gida Birju suka fara zargi, don sun tuna a ƙarshen Mother India shi ya sace 'yar mai ba da bashi ranar aurenta, har uwarsa ta harbe shi. Takur kuwa babu wanda ya kawo shi a rai, saboda mutumin da aka zalunta a Sholay ba zai zama azzalumi ba. Shi ya sa tonuwar asirinsa ta girgiza mu haka. Na tabbata Kohli ma da wannan ya yi aiki, ya san 'yan kallon Indiya za su shigo silima da Takur na Sholay a zuciyarsu. Abin da bai tanada ba shi ne wani a Rano zai yi wa hannuwan bayani.

Ba na kallon wannan a matsayin wautar ƙauye, kuma raina yana ɓaci in na ji an ce iyayenmu kallon hoto kawai suke yi ba su fahimci komai ba. Sun fahimci abin da masana'antar Bombay ta ginu a kai a shekarun 1970, wato tara manyan fuskoki a fim guda, kowace ta shigo da tarihinta, kuma Kohli na cikin waɗanda suka fi kowa yin haka. Mu ma da namu suka zo haka muka yi. Wa ya taɓa tambayar sunan da marigayi Rabilu Musa ya fito da shi a fim? Ibro ne, ko Awilo ya zama ko Usama, kuma duk fim ɗinsa ci gaban na jiya ne.

Baba ya ce bayan kamar shekara biyu ya ga Nagin cikakke a Kano, a ranar ya gane abin da ya faru. Ya sayo shi da kuɗinsa, ya kawo Kibiya don ya gyara kuskure. Aka kalla, aka ce masa an cuce shi, an sayar masa da yankakke. Ya mayar da shi jaka, ya fito da tsohon, bai sake tayar da maganar ba. Na ce ina kaset ɗin yanzu? Ya ce damina ta cinye shi tun lokacin da finafinan Hausa suka karɓe kasuwa, ya yi fumfuna ya daina nunawa. Yara suka zare zaren, aka kai gonar shinkafa wajen Bunkure aka ɗaɗɗaura a sanduna don korar tsuntsaye.

A mota, kan hanyar komawa, na tuna fim ɗin da na ajiye gefe. Jaani Dushman na 2002, shi ma Rajkumar Kohli ne ya shirya shi, ɗansa Armaan ya sa a matsayin macijin. Sunan ya ɗauko daga fim ɗinsa na 1979, ƙashin labarin daga fim ɗinsa na 1976, sai dai ya juya shi, namiji ke ramuwa. Har Amrish Puri ya sake kirawo. Fim ɗin ya faɗi a kasuwa, yau ana kallonsa ne don a yi dariyar dabarun kwamfutar da aka cusa masa. Amma ni abin da na gani daban ne: mutumin da ya yi finafinan nan biyu, shi da kansa ya ji cewa jininsu ɗaya, ya kashe maƙudan kuɗi ya haɗa su, shekara goma sha huɗu bayan ɗaukewar wuta da bakin mai gyaran rediyo sun riga shi. A ganina namu ya fi nasa tsari. Kohli ya rasu a 2023 bai san da Kibiya ba.

Da na kwashe duka na gaya wa Gwaggo, na zaci za ta ji an rage mata wani abu. Ta yi shiru, sannan ta juya wajen ɗan yayana. "Kai ɗan nan, abin naka yana iya yanka?" Ya ce yana iyawa. "Yana iya haɗawa?" Ya ce ƙwarai.

Kwana biyu aka yi ana gardamar gaɓar. Kawu ya ce nan ne, Gwaggo ta ce a'a, sai an ƙara gaba kaɗan. Ƙarshe na koma Rano na ɗauko Baba a mota. Ya zauna da wayar a hannu, yana matso da ita kusa da ido, yaro yana ja masa gaba da baya. Can ya ɗaga yatsa. Tunda sabon ɗauka ya share tsoho minti da minti ne, inda Nagin ya tsaya nan Jaani Dushman zai tashi, ba sai an yi wata gardama ba. Yaro ya yanka, ya haɗa, ya tambaya ko ya goge wurin ɗinkin ya yi sumul. Gwaggo ta ce ya sa mata ruwanta. Ya nemo hoton talabijin mai yayyafi ya saka na daƙiƙa huɗu.

Bayan isha'i aka fito da talabijin tsakar gida. Baba ya ce shi ya tsufa da tsayuwa, aka ba shi kujera gefen allo. Aka harbe maciji, aka leƙa ido, aka fara kisa. Da ruwa ya zubo, jikokin Gwaggo suka ce waya ta lalace. Baba ya gyara murya, amma kafin ya buɗe baki Kawu da Gwaggo da matan da ke kan tabarma sun riga shi.

"Bayan shekara bakwai."